Tabarmar Furera

Gwaggo Kaltuma ta Tamaske ba ta taɓa haihuwa ba, kuma bakinta ya fi allurarta kaifi. Saƙar tabarma take yi da kaba, fatake na saye su kai Madawa. Ni Binta, ɗiyar ƙanenta, na sha ranƙwashinta har na gaji da ƙirga, amma ba don wannan nake tuna ta ba. Don yayata Furera ne.

An haifi Furera shekara biyu bayan farar da ta cinye gero. Tun tana jaririya leɓɓanta da farcenta baƙi-baƙi ne kamar ta taɓa baban rini, in ta kama nono sai ta saki tana haki. Ita ce 'yar fari, don haka innarmu ba ta faɗin sunanta, ba ta ɗaukarta a gaban mutane. Kunya ce, haka aka gada. Inna tana daka tana satar kallo, ba halin tambaya. Gwaggo ce ta zo ta goya ta, ta ce tunda uwar ta zama kurma, ita ta samu ɗiya.

Tana shekara huɗu ta sume a bakin rijiya. Kwana biyu ba ta san inda take ba. Da ta farfaɗo, hannun dama ya saki, magana ta koma ɗaya-ɗaya. Dattawan gida suka yanke cewa baƙin jini ne ya taru, ga shi nan a leɓe, a kira wanzami ya kafa ƙaho ya zuƙe shi. Wanzami Jika har ya shimfiɗa zabirarsa. Gwaggo ta tsaya a ƙofar ɗaki.

"Ɗiyag ga ba ta da jinin zubarwa," in ji ta. "Ku sa kunne ga ƙirjinta ku jiya. Ciwon can ciki shike."

Ba wanda ya sa kunnen. Aka ce mata mai taurin kai, ta ce ta ji. Jika ya naɗe kayansa yana gunaguni. Lokotoro kuwa, wato likita, yana can garin Tawa, ba mai jakin da zai kai yarinya mai haki.

Gwaggo ta lura da abin da kowa ke tsawatarwa: Furera in ta yi taku goma sai ta tsuguna, a ce ragwanci ne. Ita ta ga in yarinyar ta tsuguna numfashinta na dawowa, leɓen ya ɗan washe. Sai ta nema mata aikin tsuguno. Ta koya mata danne kaba da babban yatsan ƙafa, ta yi saƙa da hagu. Wata takwas kafin layi ɗaya ya tsaya. Gwaggo tana faɗa tana warwarewa, wani lokaci ta juya baya ta share ido ta ce hayaƙi ne.

Tabarma ɗaya tak Furera ta gama, cikin shekara uku, gefe ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Wani farke ya taya, Gwaggo ta kore shi. Furera ta rasu tana shekara goma sha huɗu, da hantsi, kanta a cinyar Gwaggo. Yarinyar da aka ce ba za ta ga yaye ba. Ni dai har gobe ina gode wa Allah da Ya ba mu wannan masifaffiyar tsohuwa, don shekaru goman nan na ƙarshe ita ta ƙwato mana su.

Bayan sadakar bakwai Inna ta tafi gidan Gwaggo, ina biye da ita. Ta daɗe a tsaye tana murza bakin zane. Gwaggo ta tambaye ta abin da take so, ko da yake ta sani.

"Tabarmar waccan," in ji Inna.

"Wace waccan? Gidan ga ba mai sunan waccan."

Inna ta dubi ƙasa. Tunda na yi wayo ban taɓa jin sunan a bakinta ba.

"Ta Furera," ta ce a hankali.

Gwaggo ta ɗauko ta miƙa mata da hannu biyu. A kanta Inna ta yi salla har ta mutu.