Baba Ɗantani da Makullin Ruwan Adjamé

Da an sallame sallar asuba a masallacinmu na Adjamé Saint-Michel, Baba Ɗantani ba ya tsayawa hira. Sai ya saɓa makullinsa, wani ƙarfe mai tsayin mutum, ya bi layi-layi yana kallon ƙasa kamar wanda ya yar da allura. Duk inda ya ga danshi alhali ba a yi ruwan sama ba, nan zai tsaya, ya kafa ƙarfen, ya ɗora kunne a kai. Direbobin gbaka, ƙananan motocin hayar nan, su yi ta danna masa oda, ko a jikinsa. In bututu ya tsage a ƙarƙashin kwalta, shi yana jin kukansa. Shekara talatin da ɗaya ke nan yana yi wa kamfanin ruwa wannan aiki, ƙarshen watan nan zai yi ritaya.

Ni Yazid, atamfa nake sayarwa a kasuwar Treichville, rubutu ba sana'ata ba ce. Amma a gaban mutane na yi wa dattijon nan laifi, don haka a gaban mutane zan yi magana.

Baba Ɗantani ba a nan ya koyi aikin ba. A wani gari ne can arewacin Damagaram, inda damina ba ta cika wata uku. Rijiyar burtsatse biyu ce ke ɗauke da garin duka, sai tanki ɗaya a kan tudu. Yakan ce ƙa'idodin ofishinsu ba su da yawa. Kullum da safe a zura igiya mai ƙulle-ƙulle a auna tankin. Kashi ɗaya cikin uku ba a taɓa shi, na asibiti ne da gobara. Sauran a raba wa unguwanni bi da bi, a fara da na kan tudu, don ruwa ba ya buƙatar roƙo kafin ya gangara. Bututun da ya fashe kuwa ba ya kwana. "A can," in ji shi, "in famfo na ɗiga a gidanka, maƙwabcinka ne zai zo ya yi maka faɗa, don nasa ne ke zuba."

Mu ƴan Abidjan dariya muke masa. Ga tabki, ga teku, ga ruwan sama har ya ishe mu, mutum ya zo yana lissafin ɗigo? Samari suka laƙaba masa Sarkin Ɗigo, ya karɓa bai ji haushi ba. Aljihunsa ba ya rabuwa da ƴan robobin famfo. Ya shigo gidanka gaisuwa, kafin shayi ya dahu ya gyara maka famfon tsakar gida. Mata masu abinci a Treichville sun shaida yadda ya gano wata ɓaraka a bayan kasuwa, wadda ta daɗe tana kwarara cikin kwata kowa na cewa ai ruwan wanke-wanke ne. Kwana biyu ya yi yana bin ta har ya kama bakinta, aka tona aka toshe, famfunan layin suka dawo da ƙarfinsu.

Sai ga shekarar da rani ya yi tsawo, shekara shida ke nan. Ruwa ya yi ƙaranci, gidajen kan tudu suka yi mako ba ko ɗigo, mu na gangare muna wanke motoci. Baba Ɗantani ya kai wa shugabansa shawarar a yi irin rabon garinsu, aka yarda, aka damƙa masa makullan ɓangarenmu. Kowane layi da ranarsa. Abin da da yawanmu ba mu gane ba shi ne, ruwa na yin awa biyar kafin ya cika bututu ya hau tudu. In aka buɗe na gangare a tsakiya, duk sai ya sulale ƙasa, a koma farko.

Ranar Talata ce tamu. Muka cika duro, kashegari aka wanke tsakar gida da barguna da shi, don mun saba famfo ba ya yi mana nisa. Ranar Alhamis da hantsi mahaifiyata, Hajiya Zalihatu, ta rasu. Tun tana kwance ta yi mini wasiyya kada a kai ta ɗakin sanyi, a wanke ta a ɗakinta, a rufe ta a ranar. Na leƙa duro, ko na alwala babu. Masu tura ruwa ba su fito ba, na leda ma ya ƙare a shaguna. Halimatus Sa'adiyya, tsohuwar da ke yi wa matanmu wanka, ta zo ta zauna tana jira.

Na same shi a mahaɗar hanya, zaune a kan murfin ramin makulli, mutane sun kewaye shi.

"Baba, Hajiya ta cika. Buɗe mana layinmu, ko rabin awa ne."

Ya cire hula, ya yi salati, ya yi mata addu'a. Sannan ya ce, "Yazidu, awa uku ke nan ruwa na hawa. In na buɗe maka, mutanen tudu sai Lahadi. Kwanansu uku ba su gan shi ba, akwai masu jego, akwai marasa lafiya."

"Gawa ce fa a kwance, Baba. Ƴar garinku ce."

"Na sani, ɗana. Bokiti uku sun isa wanka, in an zuba da buta a hankali. Je ka gida, Allah zai kawo."

Ban tsaya jin sauran ba. Na ce masa bawan kamfani, na ce ya fifita baƙi a kan danginsa, na ce kada in ga ƙafarsa ko ta iyalinsa a gidanmu. Bai ɗago kai ba. Hannunsa na kan makullin, bai juya shi ba.

Ina isa gida ba da jimawa ba, Idi mai shayin ƙofar gidanmu ya shigo da jarka huɗu cike, ya ce wani bawan Allah ne ya aiko. Na ɗauka daga masallaci ne, ban bincika ba. Aka yi wa Hajiya wanka, aka sallace ta bayan azahar, aka rufe ta kamar yadda ta nema. Da yamma muka ji guɗar mata daga kan tudu, ruwa ya iso musu. Wallahi a ranar haushin guɗar nan na ji.

Shekara shida ban gaishe shi ba. In ya shigo sahun da nake, sai in matsa. Shi kuwa bai fasa yi mini sallama ba.

Watan jiya matarsa, Inna Tabawa, ta zo rumfata sayen atamfar walimar ritayarsa. Na ga ta yi turus da ta gane rumfar wa ta shigo. Muna cikin ciniki sama-sama sai ta ce, "Kai dai Yazidu ka iya riƙo. Jarkokina huɗu ma har yau ba su dawo ba." Na ce waɗanne jarkoki? Ta dube ni ta ga da gaske ban sani ba, sai ta zauna ta ba ni labari. Ajiyar gidansu ce gaba ɗaya, wadda ba ya yarda a taɓa. Ya aika mata ta kai wa Idi, kada a faɗi suna, don kada in mayar cikin fushi. Ranar ba a ɗora tukunya a gidansu ba, ta kwashi jikoki ta kai gidan ƴarta a Treichville. Shi kuma da taimama ya yi azahar da la'asar a bakin ramin, don ba zai bar makullin wani ya juya ba.

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba.

Baba Ɗantani, kai ne ka hana ni ruwan da ba naka ba, ka ba ni wanda yake naka. Kai ne ka sha zagi a bainar jama'a daga yaron da ka ga tasowarsa, ka haɗiye, don wasu mata da ba su san sunanka ba su samu na dafa abinci. Mai amanar tudu da gangare, ba mu san darajarka ba sai da za ka ajiye aiki.

Na je gidansa ranar Juma'a. Na durƙusa na fara ba da haƙuri, ya katse ni ya ce ai wanda ya rasa uwa ba a riƙe maganarsa. Sannan ya ce, "Abu ɗaya na daɗe ina son tambayarka. Ruwan nan, ya isa kuwa?" Na kasa ba shi amsa, na tashi na fito.

Mun gode, Baba. Allah ya saka maka, ya shayar da kai daga Alkausara. Ku kuma matasan da za ku karɓi makullan nan, ku riƙe su kamar yadda ya riƙe, ko da ɗan unguwarku ne ya zo yana kuka. Mu da ke buɗe famfo, mu tuna akwai wanda ke can sama yana jiran abin da muke zubarwa.

Amsar da na kasa ba ka kuwa ga ta, kowa ya ji. Ya isa, Baba. Har rabin jarka ya ragu, da shi muka yayyafa wa kabarinta.