Jirgin da Baba Ya Ce Ya Nutse

Shekarar da Baba ya zo aikin ido Birmingham, gidan yayana likita, ita ce shekarar da aka ɗora mini jirgin ruwa a ka. Wai tunda a Manchester nake karatu, kuma akwai tsohuwar tashar jiragen ruwa a Salford, to ni ce zan binciko tarihin jirgin da kakanmu ya yi aiki a ciki lokacin yaƙin duniya. Ni da nake karanta lissafi. Yaya ya zame abinsa, wai aiki ya yi masa yawa, kamar ni zaman kashe wando na zo yi.

Abin da muka tashi da shi shi ne jirgin ya nutse da kakanmu, Baba yana goye. Wanda ruwa ya ci kuwa ya yi shahada. Kaka ta yi takaba, kuma duk shekara Baba yana yanka rago ya yi wa mahaifinsa sadaka.

Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu. Laburaren unguwarmu a Gorton ya koma buɗewa sai ya ga dama, matar da ta san kan tsofaffin takardu an sallame ta. In je, in tarar da ƙofa a rufe, in dawo cikin ruwan sama. Ga Baba kullum a waya: "Uwata, ina labarin jirgi?" Wallahi har na tsani jirgin nan.

Da ƙyar dai na samo tarihinsa. Jirgin dakon kaya ne, yana kai wa jiragen yaƙi fulawa da mai da barguna. Ya yi ta zirga-zirga, injinsa na lalacewa ana gyarawa, bai taɓa harba ko tsinke ba. Bayan yaƙi aka sayar da shi, aka yayyanka ƙarfen. Bai nutse ba.

Na hau jirgin ƙasa zuwa Birmingham raina a jagule. A kicin na gaya wa Yaya. Ya ce in ce ban samu komai ba.

"Kai ka faɗa masa mana, Yaya."

"Ke ya aika."

Haka yake tun muna yara, ya tsokano tsuliyar dodo ya bar ni da ita.

Baba yana falo, ido ɗaya a liƙe da auduga. Na durƙusa na gaishe shi. Ban taɓa iya yi masa ƙarya ba, sai na fara da fulawa da barguna, ina ja da zance. Ya yi murmushi, ya ce ciyar da mayaƙa ma lada ne.

"To a wane teku ya nutse?"

Na ce, "Baba, bai nutse ba. Lafiya lau ya dawo."

Na ji tausayinsa har na rasa inda zan sa idona.

"Ya dawo," ya ce. "To shi mahaifina ina ya tafi ya bar mu?"