Tafiyar Kai Gauraka Nguru

Naraguta

Ana sallame Asuba na ɗauko gaurakan Baba, na naɗe shi cikin buhu, na zura masa safa a kai don kada ya firgita. Baba yana zaune a bakin ƙofa, idonsa ya riga ya tafi, sai kunne.

Tun yana aikin kuza ya sayi gauraki biyu a hannun wani bafatake, ya riƙa datse musu fiffike kamar yadda ake yi wa tsuntsun gida. Da macen ta mutu, namijin ya koma kuka safe da yamma. Baba ya hana a sake taɓa fiffikensa har gashin ya fito, sannan ya kira ni daga shagon ɗinkina na Kwararafa.

"Da muna samari garke-garke suke sauka a tafkunan kuzan nan," in ji shi. "Yanzu babu. An ce suna fadamar Nguru. Ka kai shi wurin danginsa, kada in mutu da hakkinsa."

Jos zuwa Potiskum

A tasha direban Fijo ya dubi buhun, ya dube ni. "Oga, wannan fasinja ne ko kaya?" Na ce fasinja ne, na biya kujera biyu.

Muna gangarowa daga tsaunuka sanyin Jos ya sake mu, tsuntsayen ma suka sake. Ɗan tsuntsun nan jan ba'un duwatsu da ake cewa a ƙasarmu yake zaune, ban ƙara ganinsa ba bayan Toro. Daga Darazo sai cilakowa da kurciyoyi a kan ƙaya. A wani shinge ɗan sanda ya sa na cire safar. Da ya ga tukkun nan mai ruwan zinariya sai ya ce shi a hoto kaɗai ya san irinsa, ya ɗaga mana hannu.

Gashuwa

Da magariba muka shiga. Na kwana a zauren wani mai sayar da busasshen kifi, Malam Bukar, wanda ya ba ni tuwon gero da miyar kuka, ya watsa wa baƙona dawa. Ya ce in nemi Ari masunci a Nguru, babu lungun ruwan da bai sani ba.

Nguru

Ari ya sa mu a kwalekwale da hantsi. Ban taɓa ganin tsuntsaye haka ba: dinya, kirinjijiya, jinjimi, zalɓe, da wasu ƙanana da ya ce daga ƙasar Turawa suke zuwa cin rani. Kowa da lokacinsa, kowa da iyakarsa.

"Gauraki fa?" na tambaye shi.

Ya ci gaba da tuƙi. "Rabona da su tun ban yi aure ba. Masu kamawa sun kwashe. Sai dai ko wajen Cadi."

Duk da haka na kwance shi a wani tsibiri. Ya miƙe, ya karkaɗe jiki, ya ɗaga wuya ya yi kuka. Muka kasa kunne. Ya sake yi, ya sake. Duk faɗin fadamar nan ba wanda ya amsa. Ban san sanda hawaye ya zubo mini ba.

Da muka tura kwalekwalen sai ya buɗe fiffike ya tashi, tashin da ban taɓa ganin ya yi ba. Ya kewaya sau ɗaya, ya dawo ya sauka kusa da ƙafata.

"In ka bar shi nan, kafin Juma'a yana kasuwa," in ji Ari.

Gida

Washegari da la'asar muka iso Naraguta. Na gode wa Allah da ya kai mu ya dawo da mu, na gode wa Malam Bukar da Ari. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, amma kafin in yi sallama gaurakan ya riga ni da kukansa.

Baba ya juyo da kunnensa. "Ba su karɓe shi ba?"

"Babu kowa a can, Baba."

 Ya miƙa hannu, tsuntsun ya matso ya sa kai a tafinsa.

"Mu ne muka cinye masa dangi," ya ce. "Kawo dawa. Kuma ko bayan raina, kada wanda ya ƙara taɓa masa fiffike."