Motata marar ƙara da tsoho mai harawa

Assalamu alaikum. Lokacin da abin nan ya faru, ni ne sarkin surutu a fadarmu ta Dogon Dutsi, wato majalisar da muke zaman hira. Na daɗe ina sayo motoci daga Kwatano da Lome, na ga Agadas, na ga Abijan, don haka duk labarin fasahar da ya shigo waya ni ake jira in yanke hukunci. In an ce an ƙera mota mai tuƙa kanta, sai in gyara zama in yi bayani kamar da ni aka ƙera ta. Abokaina kan ce ko jirgin zuwa wata ya lalace ni za a kira. Ni kuma in ce musu masu keke ne suka hana ƙasar nan ci gaba, mutum ya hau ƙarfe biyu ya tare hanya kamar gadon ubansa.

Shekarar nan na riƙe wa kaina wata mota mai haɗa batir da mai. In ka rage gudu injin ya yi shiru, sai ta riƙa silalewa kamar kyanwa. Wallahi na yi fankama da ita. Har oda na daina dannawa, wai na waye, yawan oda ƙauyanci ne.

Wata ranar kasuwar Dumega, da kaka, da hantsi, ina kan jar hanya sai na hango keke a gabana. Damin harawa ne a gicciye bayansa, ya rufe mai keken gaba ɗaya, ƙafafunsa kawai nake gani. Na rage gudu don kada in watsa masa ƙura, ina jin na yi abin kirki. Ashe nan na yi kuskuren, don injin ya ɗauke. Ina daf da wuce shi ya karkato don ya kauce wa rairayi, harawar ta bugi gefen mota, ya kife a kan hannunsa na dama.

Na fito da gudu, na tarar da tsoho sa'an mahaifina. Bai zage ni ba, bai ma dube ni ba, daji yake ta kallo yana salati. Da ya natsu ya ce shi ya ɗauka doguwa ce, aljanar daji, ta ture shi, don bai ji komai ba. Ya ce tun yana saurayi yake bin hanyar nan bai taɓa waiwaye ba, kunnensa ne madubinsa: ya san kukan kamiyo mai ɗaukar kaya, ya san na moto mai ƙafa biyu, ya san ƙarar amalanke, kowanne ya ji sai ya sauka gefe. Yana riƙe da hannun, gumi na zuba, ya kira ni ɗansa ya tambaye ni ko motar tawa ba ta da lafiya ne. Na kama shi na sa a mota.

Na kai shi gidan likita a Tibiri, aka ce wuyan hannu ya karye. Wakensa kuwa yana gona ba a tsince ba. Na jawo 'yan fadarmu muka yi kwana uku muna duƙe, shi yana zaune a inuwa yana mana dariya, wai bai taɓa ganin masu tumbi suna tsintar wake ba. Ya yafe mini tun ban roƙa ba, kuma yafewar ta fi mini zafi da a ce mari ya yi.

Hannun ya haɗe, amma ba ya iya matse birki. Keken na jingine a gindin rumbu. Kwanaki na gan shi zai je kasuwa a ƙasa, taku kaɗan sai ya tsaya ya waiwaya. Na tsaya na ɗauke shi na kai shi kasuwar.

Ban ce fasaha mugun abu ba ce, har yanzu ina son labarinta. Amma wanda ya ƙera motar nan bai san mai harawa ba, ni kuwa na san shi, kuma ban yi tunaninsa ba. 'Yan'uwana direbobi, masu sabuwa da masu tsohuwa, in kun hango mai keke ku danna oda tun daga nesa, ku ba shi fili, ku jira ya nuna ya ji. A kira ku 'yan ƙauye, ba komai. Ni na waye, wani bawan Allah ya bar hawan keke har abada.