Ƙugiya Ɗaya

Daminar da ta biyo bayan ƙidayar jama'a ta biyu ce, wadda aka sake don an ce ta farko ba ta yi daidai ba. Na haura arba'in a lokacin, ina shekara ta biyu a ajin yaƙi da jahilci. Ba neman aiki ya kai ni ba. So nake in san yadda takarda, abar da ba ta da baki, take ɗaukar magana daga Funtua ta kai Kafur.

A daminar ne mu shida muka haɗa hannu muka sayi shanun huɗa biyu, ja da fari, da garma ɗaya. Shawarata ce: mu gama namu gonakin, sannan mu bi ƙauyuka muna yi wa mutane huɗa. Da yake daga bakina ta fito, ni aka ɗora wa shugabanci. Nan na ga cewa kawo shawara daban, tayar da magidanta biyar lokaci guda daban. Wannan ya ce a fara da gonar surukinsa, wancan ya ce ƙasa ba ta jiƙu ba. Ni kuwa amsata ɗaya ce kullum: "Ku daure." Har ta kai in na buɗe baki sai su riga ni faɗa.

Mutum biyu ne ke bin shanun. Ɗaya dattijo ne mai riƙon garma, muna ce masa Baba. Ɗayan Kirista ne da ya yi makarantar mishan, ya fi kowa karatu a cikinmu, shi ya sa muke ce masa Akawu. Na kafa doka cewa ba a sauya gona, ba a tsai da aiki, sai da takarda daga hannuna. Gaskiya rabin dalilin dokar, ina jin daɗin ganin rubutuna yana motsa mutane.

Wata ranar kasuwa ina Malumfashi, zan hau mota zuwa Funtua neman sabon bakin garma, sai wani Bafulatani da ya wuto ta gonar da suke aiki wajen Kafur ya tare ni. Ya ce jan sanmu numfashinsa ba daidai ba, a ɗaure shi a inuwa ya huta, in ba haka ba za mu rasa shi. Na yago takarda na ɗora a gwiwa. Rubutu na yi mini wuya, don haka ina tsimin kalmomi. Na rubuta layi ɗaya, na ba wani mai keke da ya nufi can.

A Funtua aka ce kaya ba su iso ba, sai jirgin ƙasa ya zo. Kwana uku na yi ina jira, hankalina kwance, don na san san yana hutawa.

Da na dawo, farin sa kaɗai na tarar a turke.

"Sannu da hanya, Shugaba," in ji Baba. "Mun daure."

"Ina ja?"

"Jiya da hantsi ya durƙusa a tsakiyar kunya. Da ƙyar muka samu aka sa masa wuƙa."

"Ba ku sami takardata ba?"

Akawu ya ciro ta daga cikin hularsa ya miƙo mini. "Karanta da bakinka."

Na karanta yadda na nufa: "Jan sa ba lafiya, ku ɗaure har in dawo."

"Ɗaure ka ce a ranka," in ji shi. "Nuna mini ƙugiyar."

Na duba. Harafin yana tsaye sak, ba lanƙwasa a kansa. "Ku daure har in dawo" na rubuta.

Baba ya ce, "Na faɗa masa san nan ba zai kai ba. Ya ce takarda ta ce a daure. Na ce to, ɗa ba ya ƙin halin ubansa, wannan maganar Shugaba ce ba shakka."

Na daɗe ina juya takardar. Ba ta rage ba, ba ta ƙara ba, abin da na ba ta shi ta kai. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne mutum biyu masu ido suna kallon san yana haki, suka bi layi ɗaya na fensir. Sai na tuna wanda ya kafa dokar.

Sa ɗaya ba ya jan garma. Kafin mu sami aron wani, shuka ta wuce mu. Mun rasa jan sa, da gonaki bakwai da muka yi alkawarin huɗa, da kwana goma sha ɗaya na ruwa, da mutum biyu da suka fita daga ƙungiyar.