Ranar da Haruffa Suka Ƙi Fitowa

A shekarata ta farko a wata ma'aikata a Abuja, oga ya sa ni rubuta ƙaramar manhaja mai tambayar kalmar sirri. Na sa ta ɓoye abin da ake bugawa a baƙin allon da muke ba kwamfuta umarni. Ta yi aiki, amma bayan ta rufe, haruffa suka ƙi fitowa a allon ko na buga. Sau biyu ina canza kibod a banza.

Wata injiniya 'yar Zariya da ta girme ni ta leƙo ta ce, "Ƙanena, kafin ka taɓa saitin allon, ka karanta yadda yake ka ajiye?"

Na ce, "Yaya, dama ana karanta shi? Na ɗauka rubutu kawai yake nunawa."

Ta ƙara wa manhajar layin da ke kiran tcgetattr, wato umarnin karanta saitin allon, ta zubo mini saitin. Lambobi ne birjik, ban gane ko ɗaya ba. Ta ce in ajiye su tun farko, in mayar da su yadda suke kafin manhajar ta rufe. Na yi, matsalar ta kau.

Har motarmu ta isa Mararaba ina tunanin wace lamba ce a cikinsu na ɓata.