Kafin Bango Ya Rufe Mana Arewa

Ina cikin shagona a kasuwar Adjamé, ina warware wa wata mata atamfa, ƙanena Bashir ya kira ni. Ko sallama bai yi ba. Da Faransanci ya fara, sai muryarsa ta karye, ya koma Hausa: "Yaya Rabi, Baba ya rasu." Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na bar atamfar a hannun matar na fita. Motar da na shiga ta maƙale a kan gada, na sauka na ƙarasa gidanmu na Treichville da ƙafa. Tun daga ranar na kasa zama wuri ɗaya.

Mahaifinmu, Malam Isiyaku, ɗan mahauta ne, jikan mahauta. 'Yan uwansa duk nama suke kai wa kasuwannin Abidjan, shi kaɗai ya zama malamin kimiyya a makarantar sakandare har ya yi ritaya. Ba ya ɗaga murya, amma kuskure ba ya wucewa ta gabansa lafiya. In ka ce rana ta faɗi, zai gaya maka ƙasa ce ta juya, ko da kai ne limamin unguwa. Ɗalibin da ya zo aji bai karya ba, Baba ba ya tambayarsa komai. Aikensa yake ya sayo burodi biyu, sannan ya ce ɗaya ya ishe shi.

Abin da unguwar Biafra ta fi saninsa da shi kuwa shi ne hawa rufin benenmu kafin asuba, inda ya kafa madubin hangen nesa mai ƙafa uku. Mutane in sun ɗaga kai sama, jinjirin wata suke nema. Shi wata tauraruwa ya liƙe wa, can arewa, cikin rukunin da masana ke kira Raƙumin Dawa, wadda ko suna ba ta samu ba sai lamba. A garin nan ido ba ya ganinta, fitilun Plateau, tsakiyar birni, sun shanye ta. A madubin ma ɗigo ce kawai, mai launin ruwan goro.

"Ba ƙanƙanta ba ce, Rabi, nisa ne," haka yake ce mini tun ina yarinya. Ya ce ta ninka rana girma sau da yawa. Fatarta ba ta kai ta rana zafi ba, shi ya ba ta wannan launi, amma saboda faɗinta hasken da take zubarwa ya fi na rana nesa ba kusa ba. Makamashin da ke tsakiyarta ne ya ƙare, sai ta kumbura. "Tauraruwa in ta tsufa ba ta rankwafewa, teɓa take yi, kamar ƙanena Alhaji Sale." Yakan ƙara da cewa hasken da muke gani ya baro ta tun kakanninmu ba su san hanyar Abidjan ba, kuma ranarmu ma wata rana haka za ta koma.

Inna ba ta taɓa hawa ba. Duk sanda ya gayyace ta sai ta ce, "Malam, da wannan gwiwar tawa zan hau bene in kalli abin da ido ma ya ƙi?" Shi kuma ya yi murmushi ya ce, "Tana nan, ba gaggawa."

Bayan an share makoki, maƙwabta sun gama yi mana yako, wato ta'aziyyar garin nan, Inna ta shiga takaba. Wata safiya ta kira ni ɗakinta. "Rabi, abin nan da ubanki yake kallo, ki nuna mini."

Maƙwabcinmu na arewa yana ta da bene, ginin ya kusa kai rufinmu, kuma ta saman filinsa kaɗai ake hango tauraruwar. Tun kafin takaba ta ƙare bango zai rufe wurin. Bashir ya ce, "Maman, ki bari ki fita takaba, mu kai ki Bassam, bakin teku. Là-bas, can sama a buɗe take." Ta ce, "Ni ba ta Bassam nake so ba. Daga inda yake tsayawa."

Na kwaso kayana na dawo gida. Lokacin ƙaramar damina ne, kullum na hau kafin asuba sai in tarar da hadari ya lulluɓe garin. Da rana ina shago amma hankalina na kan bulo, har na yanka wa wata mata atamfar da ba ita ta zaɓa ba. Na je na roƙi shugaban maginan ya ɗan jinkirta. Ya cire hula ya ce, "Yako, tanti, amma patron, mai ginin, yana jira." Ba zan ɓoye ba, a kwanakin nan na ji haushin Baba. Mutumin da ya san shekarun taurari, yaya aka yi ya ɗauka shi ma yana da irin lokacinsu?

Ranar da magina suka fara jera bulon hawa na gaba, aka kwana ana ruwa, gab da asuba sama ta washe tas. Na bi hanyar da ya koya mini, daga wata babba mai haske in gangara arewa a hankali. Na ɓata, na sake farawa. Sai ga ta, ɗan tazara kaɗan sama da sabon bulo.

Bashir ya riƙo Inna, suna hawa tana hutawa. Da ta iso, idonta bai kai bakin madubin ba, don Baba dogo ne, ni ce na gado shi. Na sunkuya zan rage ƙafafun, ta riƙe mini hannu.

"Kar ki taɓa. Tsayinsa ne."

Bashir ya sauka ya ɗauko turmi, muka kife shi, muka ɗora ta a kai muna riƙe da ita.

"Wannan 'yar mitsitsiyar ce?"

"Ita ce, Inna."

Ina jin bayanta yana rawa a tafin hannuna, ba ta ɗaga kai ba har ladan ya kira salla. Da muka sauke ta, ta goge ido da bakin mayafi ta ce, "Na gani. Ku bar su su yi gininsu."

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa Isiyaku, Ka yafe masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Abin da ya koyar da 'ya'yan mutane, Ka sa ya tarar da shi a mizani. Ka ba 'yan uwansa da ɗalibansa haƙuri, ni da Bashir Ka kwantar mana da hankali. Inna kuma, ya Ubangiji, Ka zame mata gata, Ka sanyaya zuciyarta, Ka haɗa ta da mijinta a Aljanna. Amin.